Mai Tsaron Zango na Biyu

A shekarar da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, babu abin da yake daɗewa a ƙasa a gidanmu na Nasarawa. Idan cokali ya suɓuce masa, kafin ya gama ƙara a kan tayil mutum uku sun durƙusa. Hajiya, mahaifiyata, ita ce kan gaba, sai kuku, sai direba in yana kusa. Har maigadi na taɓa gani ya bar ƙofa a buɗe ya sheƙo a guje don hular Baba ta zame daga gwiwarsa. A ɗauko, a goge, a miƙa masa da hannu biyu, sannan kowa ya kawar da kai kamar ba a yi komai ba. Haka muka iya girmama babba, kuma wallahi da zuciya ɗaya ake yi.

Ƙafar ta dawo da wuri, yana takawa da sanda. Hannun ne ya ƙi. Matar da take zuwa daga asibiti tana motsa masa gaɓoɓi ta faɗa har ta gaji: hannun nan bai mutu ba, aiki yake so, ku bar shi ya ɗauki abu da kansa. Kowa ya ce to. Tana fita a koma gidan jiya. Shi kuma Baba ya cusa hannun cikin babbar riga ya ɓoye, ya daina cin abinci a gaban mutane, ya daina fita masallacin unguwa don kada wani ya miƙo masa hannu.

A haka na zo goyon ciki. Ni ce 'yar fari, amma ƙannena maza duk sun riga ni haihuwa, don na daɗe a ɗakin mijina a Hotoro kafin Allah ya ba ni. A gidanmu duk jikan da aka haifa, ranar da aka sallamo shi daga asibiti wurin Baba ake fara kawo shi. Ya karɓe shi, ya yi masa kiran sallah a kunne, ya yi masa huɗuba, ya tauna dabino ya ɗan goga masa a dasashi. Na sha tsayawa a bayan kujerarsa ina kallon wannan da 'ya'yan ƙannena, fuskata tana murmushi, zuciyata tana ƙuna. Shekara da shekaru ina hango nawa a wannan hannu.

Ban jima da zuwa ba Hajiya ta shigo ɗakina, ta zauna bakin gado tana sake ninke zanen da na riga na ninke.

"Babanku ya ce ki gaya wa maigidanki ya nemi malamin da zai yi huɗuba."

"Saboda me?"

"Ya ce kofi ma ya gagare shi, balle ɗan mutum."

Da bakinsa ba zai faɗa mini ba. Baba mutumin dā ne wajen kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ko "yarinyar nan", kuma saƙo tsakaninmu ta hannun Hajiya yake bi ko da muna falo ɗaya. Na ce mata babu malamin da zai taɓa mini ɗa. Ta ce in rage wannan zafin kan, ba ya amfanar mai ciki, kuma ta san inda na gado shi. Da ta fita na yi kuka mai isata.

Baba yana da wata lalura da ta girmi wannan. A Amurka ya kwaso ta, lokacin da aka tura shi karatun noman rani yana saurayi: wasan besbol. Wani ya jefo ƙwallo mai tauri wadda ba ta wuce girman lemo ba, wani ya maka mata kulki ya ruga. Akwai wurare uku da zai taka kafin ya zagayo inda ya tashi, Baba yana kiransu zango. Masu tsaro su cafke ƙwallon su aika ta zangon da ya nufa kafin ƙafarsa ta isa, in ta riga shi ya fita. A ƙungiyar ɗalibai, Baba shi ne mai tsaron zango na biyu, kuma har ya yi furfura bai daina jin kansa a wannan wuri ba.

Muna yara wani abokinsa yana aiko masa kaset ɗin wasan ƙwararru. Daga baya tauraron ɗan adam ya zo, yana kallon maimaici da rana. Ƙannena ƙwallon ƙafa suke so, da ya kunna sai su zame ɗaya bayan ɗaya. Ni ce nake tsayawa a bakin ƙofa, ba a kira ni ba, ba a kore ni ba. Akwai wani abu da yake mayar da kaset baya don ya sake gani har sai Hajiya ta ce zai tsinka shi. Ƙwallo ta taho wa mai zango na biyu daga hannun ɗan uwansa, ga mai gudu ya kwanto da ƙafafu zai share shi. Ya karɓa, ya taka zango, ya daka tsalle, yana sama ya juya ya harba ta zangon farko, mutum biyu sun fita a numfashi ɗaya. Ban san dokokin ba a lokacin, amma tsigar jikina takan tashi. Baba yakan ce, ba da ni yake ba, da talabijin yake: "Karɓa ba wuya. Wajen miƙawa ake jin kunya."

Abin da ya fi ba ni mamaki a wasan shi ne akwai mutum a can sama wanda aikinsa ya rubuta kuskure. Ƙwallo ta zo hannunka ka sake ta, an rubuta. Ka jefa ta karkace, an rubuta. Kuma ba a gogewa. Tun ranar da ka fara har ranar da ka aje wasa ana tarawa a gefen sunanka, ka mutu ka bar shi jikokinka su gani. Ranar da Baba ya bayyana wannan, Hajiya ta riƙe haɓa ta ce, "A'uzubillahi. Wasa ma sai an ɗora masa mai rubuta zunubi?"

Wata la'asar na shiga sito neman babban bahon wankan jego. A bayansa, cikin wani tsohon kwali, na ci karo da safar hannun Baba ta wasan. Fata ce mai kauri, ta yi baƙi a tafi, ta bushe, akwai ƙwallo a cikinta an ɗaure da tsumma. Ranar gidan shiru. Hajiya ta tafi gaisuwar rasuwa a Gawuna da direba, kuku ya fita cefane, mai lambu ya tashi, maigadi yana can ƙofa da rediyonsa. Baba yana zaune a kujerarsa a gindin mangwaro, hannun dama a ɓoye.

Ban shirya komai ba, haushi ne kawai ya ɗebe ni. Na aje masa safar a cinya na ja da baya da ƙwallon a hannuna. Ya dube ta ya daɗe. Sai a lokacin na lura da abin da ban taɓa tunani a kai ba: a hagu ake sa ta. Ya zura lafiyayyen hannunsa, ya buɗe, ya rufe, fatar ta yi ƙara.

"Ke, me za ki yi da wannan?"

"Jefowa zan yi, Baba."

Ban iya jifa ba, ban taɓa yi ba. Ƙwallon ta tafi can gefe, ƙasa-ƙasa, inda ko mai lafiya zai bar ta ta wuce. Ban ga lokacin da ya motsa ba. Tsohon da ake ɗora wa hula, ake sa wa takalmi, ya zame gefen kujera, hannun ya sauka ƙasa ya juya, na ji "ɗas". Ƙwallo tana cikin safa. Na tsaya baki buɗe. Duk tsawon watannin nan wannan mutumin yana nan a cikin rigar, mu muna ta tattalin wani daban.

Saura miƙawa. Ya zaro hannun dama daga cikin riga a hankali, karo na farko da na gan shi a fili tun zuwana, ya rame, yatsun sun lanƙwashe. Ya sa ƙwallon a ciki, ya ɗaga, ya yi nufin jefowa. Ta suɓuce ta faɗi, ta gangara kan ciyawa ta tsaya a tsakaninmu.

Jikina ya yi abin da aka koya masa, na yunƙura zan ɗauko. Cikin ya ce ban isa ba. Na gwada ta gefe, na gwada buɗe ƙafa, na kama gwiwa, ko kusa yatsuna ba su kai ba, sai haki nake. Na ɗago na dube shi, ya dube ni, muka dubi ƙwallon. Na buɗe baki zan ƙwala wa maigadi kira.

"Ƙyale shi," in ji Baba.

Sai ya fashe da dariya, irin wadda rabon gidan da ita tun kafin ciwon. Ya ce, "Gida cike da mutane, an bar gurgu da mai ciki su yi wasa." Ya dafa sanda ya tashi. Ya jawo ƙwallon da bakin sandar zuwa gindin kujera, ya zauna, ya sunkuya. Da hagu da tuni an gama, amma hagu tana cikin safa, kuma bai cire ba. Da dama ya bi ta. Ta kuɓuce, ya sake. Ta kuɓuce, ya sake. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Ni ina tsaye hannuna a ƙugu, babu abin da zan iya yi masa, kuma wannan ne taimako mafi girma da aka yi masa a gidan nan. Da ya ɗago da ita a tsakanin yatsu uku, hannun yana rawa, na ji hawaye yana bin kumatuna.

"Ɗaya," ya ce. "A rubuta mini."

Ranar ce ya fara yi mini magana doguwa, ni da shi, ba Hajiya a tsakani. Idonsa yana kan safar, ba a kaina ba. Ya ce in je in duba masu tsaron zango na biyu da suka fi kowa tara kuskure a tarihin wasan, zan ɗauka ragwaye ne. Ya ce mutanen farko ne, waɗanda suka yi wasa a fili mai duwatsu, wasu da hannu tsirara, yatsu duk sun karye sun ɗore a karkace. Kuma ba a tara irin wannan kuskuren a shekara biyu. Sai wanda ƙungiya ta ga ba za ta iya rabuwa da shi ba, aka ci gaba da sa shi har ya tsufa a fili.

"Kuma kin san wani abu? Ƙwallon da ba ka bi ba, ba a rubuta maka ita. Ka tsaya ƙiƙam ta wuce ta gefenka, sunanka fes. Sai ka ruga, ka kai hannu, ta suɓuce, sannan mutumin sama zai ɗauki alƙalami."

Muna cikin haka motar Hajiya ta shigo. Ta tarar da mijinta a sunkuye yana laluben ƙasa, 'yarta tana tsaye a kansa tana kallo. Ko mayafi ba ta cire ba.

"Innalillahi! Ke wace irin 'ya ce? Ubanki yana rarrafe kina tsaye?"

Direba har ya taho da gudu. Na daka masa tsawar da ban san ina da ita ba, ya tsaya cak. Hajiya ta juyo kaina za ta wanke ni, Baba ya ɗaga safar.

"Hajiya, tun da na kwanta ban yi kuskure ko ɗaya a gidan nan ba. Kin san dalili? Ba ku bar ni na taɓa komai ba."

Maganar ta soke ta, na gani a fuskarta. Ta ce, "Mu da muke rufa maka asiri, Alhaji?" Ta shige ciki. Kwana biyu gaisuwa kawai take amsa mini. Ban ga laifinta ba. Shekarun da ta yi tana kare martabar mutumin nan sun fi shekaruna, ga ni na zo ina cewa ta tsaya ta kalle shi yana laluben ciyawa a gaban masu aiki.

Amma muka ci gaba, kullum bayan la'asar. Na kafa doka cewa duk wanda ya taɓa ƙwallon nan ni da shi ne. Mai lambu ya fi kowa shan wahala. Bawan Allah yakan tsaya da tiyo a hannu, ƙwallo ta gangaro har ta taɓa masa ɗan yatsa, ya ɗaga kai sama yana salati. Wata rana ya kasa daurewa, ya ɗan tura ta da ƙafa wajen Baba yana kallon wani wuri. Baba ya ce, "Malam, na gan ka. Mayar da ita inda take."

Ba kullum ake samun ci gaba ba. Akwai ranar da ta kai rabin tazarar da ke tsakaninmu, akwai ranar da ko ɗaga ta bai iya ba, ya cire safar ya jefar ya ce in tafi in ba shi wuri. Kowace faɗuwa yana ƙirgawa da ƙarfi har lissafin ya ɓace mana, ya ce ba komai, na sama yana riƙe. Labulen ɗakin Hajiya yakan ɗan motsa a irin wannan lokacin. Ranar da ƙwallon ta fara isowa hannuna ba ta taɓa ƙasa ba, na yi ihu har maigadi ya leƙo, ya zaci haihuwa ce. Maganar huɗuba kuwa bai sake tayar da ita ba, ni ma ban tayar ba. Mijina ya tambaye ni ko ya yi wa malam magana. Na ce ya yi, amma ya ce masa ya zauna a gida tukuna.

Na haifi mace. Da hantsi aka sallame mu. A mota tsoro ya cika ni, don ban san abin da zan tarar ba. Falo ya cika da gwaggonni da matan ƙannena. Baba yana kan kujerarsa da farar riga, an aje faranti da dabino a kan ɗan tebur a damansa. Hannun yana waje, a kan gwiwa.

Na wuce kowa na durƙusa a gabansa da ita. Bai ce a'a ba. Ya buɗe hannun hagu yadda yake buɗe safa, na kwantar da ita, ya tallafo kanta da dama. Yatsun suna rawa, ina ganin rawar a jikin zanen. Ya sunkuya ya yi kiran sallah a kunnenta, ya yi huɗuba, falon ya yi tsit. Ya gyara ta a kan hagu, ya miƙa dama ga faranti, ya ɗauki dabino.

Ya faɗi. Ya bugi tayil, ya gangara har gaban gwaggona, ƙanwar Baba. Ta zabura, matan ƙannena biyu suka zabura tare da ita.

"Ku bar shi."

Ba ni na faɗa ba. Hajiya ce, tana tsaye a bakin ƙofa, ta damƙe gefen mayafinta da hannu biyu kamar mai riƙe kanta kada ta faɗi. Gwaggo ta dube ta kamar ta zauce. Hajiya ta sake cewa, a hankali, "Ku bar shi, akwai wani a faranti. Zai ɗauka."

Baba ya ɗago ya dube ta. Ya ce, "A rubuta mini wannan ma." Ya sake miƙa hannu. Ya daɗe yana bin dabinon a cikin faranti, yana gudu yana binsa, babu wanda ya yi motsi. Ya kama shi, ya kai baki, ya tauna, ya lakato da ɗan yatsa. Yatsan ya taho yana rawa har bakinta, ya shiga daidai. Ta motsa leɓe ta tsotsa.

Saura miƙawa. Na matso zan zare ta daga jikinsa don in sauƙaƙa masa, ya girgiza kai. Ya zura dama a ƙarƙashin wuyanta, ya ɗago ta gaba ɗaya daga ƙirjinsa, ya miƙo ta cikin iska da hannu biyu. Tazarar ba ta kai kamu biyu ba, amma ban yi numfashi ba har ta iso. Na ji nauyinta ya sauka a hannuna, nasa hannun yana ƙarƙashin nawa bai janye ba sai da ya tabbata na riƙe.

"Kin karɓa?" ya ce.

"Na karɓa, Baba."

Dabinon farko yana nan a tsakiyar falo, mata suna ta zagaye shi da zannuwansu. Sai da baƙi suka watse ya dafa sandarsa ya je ya ɗauko abinsa.